Daga Uke zuwa Nasarawa: abin da difilomar lantarki ke bai wa mai ita a aikin gwamnati

Ma'aikatan tarayya da tsadar haya ta kora daga Abuja zuwa Uke, a kan hanyar Keffi, sukan yi tunanin tura 'ya'yansu karatun difiloma a fannin injiniyan lantarki. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Nasarawa, wadda aka kafa a 1983, tana cikin jiha ɗaya da su, kuma unguwannin da ke ta tasowa a Karu ba sa rabuwa da aikin waya, mita da sola.

Karatun ƙaramar difiloma shekara biyu ne, da watanni huɗu na koyon aiki a tsakani. Sai dai kafin uba ya biya ko kwabo, ya kamata ya tabbatar hukumar NBTE da ke Kaduna ta amince da kwas ɗin, domin takardar da ba ta da wannan amincewa ba za ta kai yaro ga rajistar COREN ba.

A aikin gwamnati ne lissafin ke ɗaure kai. Mai ƙaramar difiloma yana farawa daga mataki na 6. Idan ya yi shekarar aikin masana'antu ya ƙara biyu ya sami babbar difiloma, sai mataki na 8, amma ya daɗe yana tsayawa cak a na 14, yayin da mai digiri ke wucewa zuwa darakta. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, Shugaba Buhari kuma ya bar mulki bai sa masa hannu ba.