Yadda Za A Tsare Benci Da Kujerun Ƙofar Gida

Manoma, a wannan mako za mu ajiye zancen shinkafa da taki, mu taɓa wani abu da ke cin kuɗin mai gida a ɓoye, watau kayan zama da ke kwana waje. Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta ratsa Zauro ta nufi Argungu, ya san babu ƙofar gidan da za a rasa benci, ko gadon kara a ƙarƙashin rumfa, ko kujerun ƙarfe a gindin dogon yaro. Haka kuma a lambuna da bukkokin fadama. Kuɗi aka sa aka saye su, amma sau da yawa kafin damina uku sai a ga ƙafa ta ruɓe, an jingine benci a bango, an koma wurin kafinta. Sa'an nan a ce kafinta ya yi ha'inci. Wani lokaci gaskiya ne, amma galibi laifin wurin ajiya ne.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, itace ko an sare shi ya bushe bai daina shan ruwa ba. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, yakan sha laima ya kumbura. In hunturu ya shigo sai iska ta tsotse ruwan ya tsuke. Ga kuma zafin Afrilu, wanda a ƙasar Kebbi yakan haura digiri 40. Wannan kumburi da tsukewa, shekara bayan shekara, shi ke tsaga katako, shi ke sa ƙusa ta saki, benci ya riƙa rawa in an zauna. Kowace tsaga kuwa ƙofa ce da aka buɗe wa ruwan baɗi.

To, amma ba ko'ina itace ke shan ruwa daidai ba. Wajen da zarto ya yanke shi a gicciye, nan ne bakinsa, gama jijiyoyin da ke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye a nan suke buɗe. Ku dubi ƙafar benci. Wannan bakin ne ke tsaye kan ƙasa dare da rana, yana zuƙo laima kamar yadda lagwani ke zuƙo kananzir. Masana itace sun ce ruɓa ba ta kama katako sai ruwan da ke cikinsa ya wuce wajen kashi 20 cikin 100. Saman benci yakan jiƙe da ruwan dare, rana ta fito ya bushe. Ƙafa kuwa ba ta bushewa har kaka. Shi ya sa kullum daga ƙasa ɓarna ke farawa.

Mutanen Zauro da sauran garuruwan bakin fadamar Gulbin Rima sun fi na tudu wannan wahala, domin ruwan ƙasa a kusa yake, kuma laka tana riƙe laima tun bayan ɗaukewar ruwan sama. Inda laima take kuwa nan gara take. Ita gara ba ta jure hasken rana da busasshiyar iska, saboda haka daga cikin ƙasa take tahowa, in ta rasa hanya sai ta gina wa kanta rufaffiyar hanya ta laka a jikin itace. Takan cinye ciki ta bar baya lafiya lau, ba a sani ba sai ran da baƙo ya zauna.

Maganin farko ba ya cin ko kwabo: a raba ƙafa da ƙasa. A sami faffaɗan dutse, ko gutsuren bulo na siminti, a ɗora kowace ƙafa a kai, ya zamana akwai tazarar inci biyu ko uku. Wanda ke da hali ya daɓe gindin rumfa, ya ɗan karkata daɓen yadda ruwa zai gangare. Dutse ba zai hana gara hawa ba, kada a ruɗe ku, amma zai tilasta mata ta gina hanyarta a fili inda ido zai gani. Saboda haka kowace Juma'a, in an zo shara, a ɗaga benci a duba, a kankare duk lakar da aka gani, a gusa shi kaɗan daga inda yake. Gara ta fi son abin da aka manta da shi. Kada kuma a tara kara ko itacen wuta kusa da wurin zama. Waɗansu kan sa ƙafa cikin gwangwanin madara, wai don tsari. Wannan a cikin ɗaki yana da amfani, amma a waje gwangwanin kan tara ruwan sama, ƙafa ta kwana a jiƙe, ta fi saurin ruɓewa.

Sai zancen irin itacen, kuma nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido. Ƙirya ta fi kowane, shi ya sa masassaƙa ke son ta wajen turmi da taɓarya da ƙota. Maɗaci ma yana da ƙarko. Dogon yaro, wanda Kanawa ke kira darbejiya, baƙo ne daga Indiya, an fara dasa shi a Borno a 1928, amma yanzu ya zama ɗan gida, kuma jan cikinsa ƙwari ba su cika damunsa ba. Rimi da gawo kuwa, da farin katakon nan mara nauyi da ake kawowa daga kudu, abincin gara ne, ba su dace da kwanan waje ba ko an shafa musu me. Ko a itacen kirki ma, jan ciki ne mai ƙarko. Farin da ke kusa da ɓawo shi ƙwari ke fara hudawa, ka ga gari yana zuba. In kafinta ya ba ka benci mai ƙafa fara fat, ka ce ya sāke.

Giginya ita ce ta saɓa wa sauran. Ƙarfinta a baya yake, baƙin nan mai tauri da ake tsaga azara da shi, cikinta kuwa taushi ne kamar ɓargo. Azara mai kyau gara ba ta iya mata, kakanninmu sun sani tun da can. In za a yi bencin azara, a tabbata an sassaƙe taushin nan sarai, a kuma goge tsinkunan don kada su soki mai zama. Giginya da ƙirya sun yi ƙaranci a dazuzzukanmu, ba ma cewa a je a sari ɗanya. Tsohuwar azarar ɗakin da ya rushe ta isa.

Lokacin shafe kaya shi ne ƙarshen bazara, wajen Afrilu zuwa farkon Mayu, sa'ad da itace ya bushe ƙarau, kafin ruwan fari ya sauka. A ƙara buga ƙusoshin da suka saki, a kankare tsohon fenti da ya ɗaga, a goge da takardar goge katako, sa'an nan a shafa fentin mai sau biyu, a bar na fari ya bushe tukuna. Yawancin mutane sama suke shafewa, inda ido ke gani, su bar ƙarƙashi. A kifar da benci a fara da tafin ƙafa da mahaɗa, a ba su har sau uku. A yi aikin a inuwa, da safe. Banish yana da kyaun gani, amma rana takan fasa shi cikin shekara guda, na ɗaka ne. Akwai maganin itace na kanti, irin su Solignum, wanda kafintoci suka daɗe da sani. Yana aiki, sai dai a bi abin da aka rubuta a jikin gwangwani, a bar shi ya bushe sosai kafin a zauna.

Mun san da yawa baƙin mai suke shafawa, wanda aka juye daga injin ban ruwa ko babur, tun da kyauta ne. Lalle yana korar gara na ɗan lokaci. Amma yana ɗauke da dattin inji mai cutar da fata, ruwa kuma yakan wanke shi zuwa ƙasa. Kada ya taɓa inda ake zama, ko turmi, ko abin da yara ke wasa da shi, kada kuma a yi aiki da shi kusa da rijiya ko a fadama. Dirkar rumfa kuwa, a babbake gindinta a wuta har bayan ya yi gawayi kafin a kafa, a zuba tsakuwa da toka a ramin. Akwai kuma magungunan da aka yi yayinsu a da, aldrin da dieldrin, waɗanda yarjejeniyar ƙasashen duniya ta birnin Istokholm ta hana a 2001, da Gammalin 20, wanda sinadarinsa ya shiga jerin a 2009. In wani ya fito da tsohuwar kwalba a kasuwa ya ce maganin gara ne, ku bar masa abinsa. Abin da aka zuba a ƙofar gida a Zauro gulbi zai tafi, kuma masuntan Argungu da kifin gulbin nan suke ci da iyali.

Turmi da kujerar mata 'yar tsugunno ba a yi musu fenti. A kifar da turmi kan dutse a inuwa bayan an gama daka, in hunturu ya kama a shafa masa man kaɗe don kada ya tsage. Tabarmar kaba a naɗe ta a rataye, in ta jiƙe a shanya ta bushe kafin a naɗe, in ba haka ba sai ta yi fumfuna. Gadon kara kuwa kada a wahalar da kai, na shekara ne, kaka ta yi a ɗaura sabo.

Kujerar ƙarfe tsatsa ce ajalinta, kuma daga wurin walda da gindin ƙafa take kamawa. A kankare har ƙarfe ya yi haske, a fara shafa jan fentin nan na hana tsatsa, sa'an nan a bi da na ado. In ƙafar bututu ce, ruwa kan taru a ciki ya ci ta daga can, sai a sa mai walda ya huda ƙaramar kafa a ƙasa don ya tsiyaye. Kujerar roba ba ruwanta da gara ko tsatsa, rana ce ke cinye ta. In ka shafa hannu ka ga farin gari, ta fara gasuwa, ba da daɗewa ba za ta karye. Babu man da ke mai da ita, inuwa kaɗai ke ja mata kwana, kuma kada a bar yara su riƙa lilo da ita kan ƙafa biyu.

Saura zancen ambaliya, wadda mutanen kwarin nan ba su bukatar a ba su labari. An ga ta 2010, sa'ad da ruwan Goronyo ya kwararo, an kuma ga ta 2020 da ta cinye shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi. Duk wanda ke da kaya a bukkar fadama ya kwashe su zuwa tudu tun farkon Agusta, kada ya jira sai ya ga ruwa a kunya. In kuwa ruwa ya riga ya ci su, a wanke lakar tun tana ɗanya, a jingine su a inuwa inda iska ke ratsawa, su bushe sannu a hankali. In aka baza su a rana tsaka sai su kantare su tsage. Kada a yi garajen shafa fenti, gama fenti kan jiƙaƙƙen itace rufe ruwa yake yi a ciki. A bari sai hunturu ya ratsa su, a shafe a bazara tare da sauran.