DANSHI A GONA DA DANSHI A RUMBU

Manoma da 'yan kasuwa na ƙasar Kankiya da Kusada, akwai wata kalma ta Turanci wadda akawuna kan gamu da ita a takardun awon hatsi, watau "moisture". Turawa kan faɗe ta ga kowane ruwa da ya ɓuya cikin abu, ko ƙasa, ko iska, ko ƙwayar hatsi. Mu kuwa mun rarrabe. Wanda ƙasa ta riƙe bayan an ɗauke ruwa, danshi ne. Wanda ya kama ɗaki ko buhu, laima ce. Wanda ke kwanta wa ciyawa da asuba, raɓa ce.

A gona danshi alheri ne. Shi ya sa manomi mai lura kan tona ƙasa ya ga inda ruwa ya kai kafin ya yi shuka, ya kuma kai taki domin jigawa ta riƙe danshi.

To, amma a rumbu sai a yi hattara. Masana sun ce kada ruwan da ke cikin dawa ko gero ko masara ya wuce kashi 13 cikin 100, na ɓararriyar gyaɗa kuwa kamar kashi 7. In ya wuce sai fumfuna ta kama, ita kuwa takan haifar da wata guba mai lalata hanta, ana ce da ita afalatoksin. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda ƙuliƙulin gyaɗa mai wannan guba da aka kawo daga Burazil.

Ga gwaji mai sauƙi. Ka zuba hatsi cikin busasshiyar kwalba, ka sa busasshen gishiri, ka toshe, ka girgiza sosai, ka ajiye ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba. Gyaɗa kuwa sai ka girgiza ta ka ji tana ƙara cikin kwanso.

A yi shanya bisa tabarma, a kwashe kafin raɓa ta sauka, a jera buhuna bisa katako nesa da bango. Kai kuma ɗan kasuwa, in ka sayi hatsin da bai bushe ba, ruwa ka saya da kuɗinka, domin yana bushewa awo zai ragu.

Allah ya sa mu ci amfanin guminmu lafiya, amin.