Tauraron da ke toya gawayi a sararin kudancin Mai Wurno

Duk wanda ya kwana a tsakar gida a Mai Wurno cikin sanyin Janairu ko Fabrairu, musamman yanzu da wutar lantarki ta zama sai an ga dama, ya san yadda taurari ke cika sama fal. Idan ka fuskanci kudu bayan sallar isha, za ka ga Suhail yana ƙyalli. Ka ɗan karkata hagu, akwai wani da bai kai shi haske ba. Larabawa na kiransa Suhail al-Muhlif, wai don mutane kan yi musu har da rantsuwa a kan ko shi ne Suhail. Masana falaki kuwa Gamma Velorum suke ce masa.

Ido na ganin ɗigo ɗaya, amma a cikinsa akwai manyan taurari biyu da ke kewaya juna cikin kwana 78 da rabi. Nisansu ya kai kusan shekarar haske 1,100. Ke nan hasken da kake gani yau ya taso tun ƙarnuka kafin Muhammadu Bello Mai Wurno ya iso bakin wannan kogi da jama'arsa, bayan yaƙin Burmi na 1903.

Ɗaya daga cikin biyun shi ne abin labari. Yana cikin jinsin da Charles Wolf da Georges Rayet suka gano a birnin Paris a 1867, kuma shi ne mafi kusa da mu a irinsu. An haife shi da nauyin da ya ninka na rana kusan sau 30, amma yau saura kamar sau 9. To ina sauran?

Amsar tana cikinsa. Tauraro yakan rayu ne da narka iskar haidurojin ta koma hiliyam. Idan ta ƙare a tsakiya, sai cikin ya matse, zafi ya kai digiri miliyan 100, ƙwayoyin hiliyam uku-uku su haɗe su zama kabon, wato ainihin sinadarin gawayin da ake dafa jabana da shi. Babban tauraro ba ya tattali: haskensa kan tunkuɗe fatarsa ta waje da gudun fiye da kilomita 1,000 a daƙiƙa guda, wani ɓangaren kuma abokin tafiyarsa na iya janyewa. Da haka ya tuɓe, har kabon da ya toya a ciki ya fito fili. Ƙarshensa fashewa ce.

Akwai kuma ƙannensa, masu nauyin rana biyu zuwa huɗu. Su kumbura suke yi idan sun tsufa, su kwaso kabon daga ciki kamar ana juya tukunya, hayaƙinsa ya lulluɓe su, su yi jajawur.

Me ya shafe mu? Wannan ƙura da suke watsawa ita ke shiga cikin sababbin taurari da duniyoyi. Kabon da ke cikin dawa, da auduga, da jinin jikinka, a cikin taurari irin waɗannan aka ƙera shi, da ikon Allah.

Yaran da yaƙi ya raba da aji tun Afrilun 2023 ba su rasa wannan allo ba. Ba ya buƙatar wuta ko kuɗin makaranta. Daren yau, ka kama hannun ɗanka, ka nuna masa kudu.