Lamba Biyar: Shekara Ashirin a Gaban Raga

Ranar Alhamis 27 ga Yulin 2023, wajen sha biyu da rabi na rana, na shiga kasuwar Gudu da ke Abuja neman taya. A layin da na saba zuwa na tarar ciniki ya tsaya cak. An ɗora wata 'yar talabijin a kan tayoyi uku, janareta na ta ruri a baya, bakanikai da yaran shago da masu dako sun yi mata zobe. Super Falcons ce ke karawa da Ostireliya mai masaukin baƙi a birnin Brisbane, a gasar cin kofin duniya ta mata. Mai shagon, wani dattijo Bakatsine, ko kallona bai yi ba.

"Malam, samu wuri ka zauna. Taya ba ta gudu."

Na zauna. A gabana Osinachi Ohale ta sa kai ta ci ta biyu, ta sha takalmi a haƙarƙari garin cin, ta kwanta tana murƙususu abokan wasanta na murna a kanta. Asisat Oshoala ta ƙara ta uku, kasuwa ta kaure da ihu. Ana dab da tashi, Ostireliya ta taso kamar ruwan Agusta, sai aka ɗaga allon canji, wata mai lamba biyar ta shigo da sassarfa. Wani yaro ya ce, "Wannan kuma wace ce?" Mai sharhi ya ambaci shekarunta, arba'in, sai aka bushe da dariya. Dattijon bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "Ku bari, yara. Da tsohuwar zuma ake magani."

Sunanta Onome Ebi, kuma shigarta fili a wannan rana ta sa ta zama ɗan Afirka na farko, mace ko namiji, da ya buga gasar cin kofin duniya sau shida. A duniyar ƙwallon mata kaf, Formiga ta Birazil ce kaɗai ta fi haka, da bakwai. A zoben nan na Gudu kowa ya san Oshoala. Biyu ko uku ne suka taɓa jin sunan Ebi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. 'Yar gaba ana auna ta da ƙwallon da ta ci, abin da ido ya gani kuma aka rubuta a allo. 'Yar baya kuwa aikinta shi ne hana abu faruwa, abin da bai faru ba kuma ba ya shiga labarai. Idan ta yi minti tamanin da tara tana tare hanya, ta zame sau ɗaya a minti na casa'in, wannan zamewar za a yi ta maimaitawa a talabijin har dare.

A bakin 'yan ƙwallon unguwa, daga Fagge zuwa Tudun Wada, idan aka ce "lamba biyar" ba riga ake nufi ba, gurbi ake nufi: wanda ke tsaye a tsakiyar baya, gaban mai tsaron raga. Mai wannan gurbi ita ce kaɗai, ban da gola, da ke kallon fili gaba ɗaya a gabanta, shi ya sa bakinta ba ya hutawa. Ita ke jan layin baya, ta ce a matsa gaba don a bar 'yar gaban abokan karawa cikin satar gida, ko a ja baya idan ta ga za a cillo ƙwallo ta sama. Taku ɗaya idan wata ta makara, layin ya karye, sai bango ya tsage kuma ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai kallo yana son ganin an kwanta an share ƙafa, ƙura ta tashi. Masu horarwa ba sa murna da wannan, don galibi wadda ta kai ga kwanciya ta riga ta makara ne. Gwana ba ta kallon ƙafar mai ƙwallo, da ita ake yaudara. Ƙugu take kallo, ta karkata jikinta, ta tura abokiyar karawarta gefen layi inda ba hatsari, ta jinkirta ta daƙiƙa biyu ko uku har taimako ya iso. Idan kuma ita ce ta ƙarshe ta kayar da mai shirin ci, jan kati na jiranta, a cikin da'ira kuma fenariti. Da wannan lissafin take wasa a kowane taku.

Irin wannan sani ba ya zuwa da wuri, shi ya sa 'yan baya da masu tsaron raga suka fi daɗewa a fili. Sauri yana raguwa da shekaru, karatun wasa yana ƙaruwa.

An haifi Ebi a Legas ranar 8 ga Mayun 1983. Ta taso a ƙungiyar Omidiran Babes, ta wuce Bayelsa Queens. Tana da shekara ashirin ta je gasar duniya ta farko a Amurka a 2003, kuma ba zan ɓoye ba, an sha kashi: Koriya ta Arewa ta ci uku, Amurka biyar, Suwidin uku. Ƙwallo goma sha ɗaya a ragar Najeriya, babu ko ɗaya a ragar wasu. Ga 'yar baya, babu makarantar da ta fi wannan ɗaci. Ta koma a 2007 a Sin, 2011 a Jamus, 2015 a Kanada, duk a zagayen farko aka dawo gida. Sai a 2019 a Faransa, bayan shekara goma sha shida tana ƙwanƙwasa ƙofa, ta ga zagaye na biyu, inda Jamus ta fitar da su da ci uku babu ko ɗaya.

A Afirka labarin daban ne. Ta ɗaga kofin nahiya sau huɗu, a 2010, 2014, 2016 da 2018. Bayan na ƙarshen, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta zaɓe ta gwarzuwar shekarar 2018, abin da ba kasafai 'yar baya ke samu ba matuƙar akwai masu zura ƙwallo a layi.

Abinci kuwa a waje ta neme shi, kamar yadda fatake ke bin kasuwa. Piteå da Djurgården a Suwidin. Ataşehir Belediyespor a Istanbul, inda ta ci gasar Turkiyya. Minsk a Belarus, inda ta ci lig da kofi. Henan a Sin. Mutum ya duba taswira ya ga inda Piteå take, can kusa da ƙarshen arewacin Turai, inda rana ke leƙowa 'yan sa'o'i kaɗan a hunturu, sannan ya tuna daga Legas wannan yarinya ta fito. Wanda ya ji "ƙwararriyar 'yar wasa a Turai" yakan hango gidajen Ronaldo. A ƙwallon mata na wancan lokaci, kwantiragin shekara ɗaya ne ko biyu, ɗaki a gidan haya na ƙungiya, da albashin da ake yagar rabi a aika gida. Ko a yau tazarar na nan: kuɗin da FIFA ta ware wa ƙasashe a gasar mata ta 2023 dala miliyan 110 ne, na maza a Katar a 2022 kuwa miliyan 440.

Daga Gudu zuwa otal ɗin Agura da ke Area 10 a Garki tafiyar mintuna ce a mota, can kuma aka rubuta wani babi na wannan tarihi. Ranar 3 ga Disambar 2016 Falcons suka doke Kamaru da ci ɗaya mai ban haushi a filin Ahmadu Ahijo na Yawunde, a gaban 'yan kallon gida da suka cika filin maƙil. Desire Oparanozie ce ta ci ana saura 'yan mintuna a tashi. A wannan wasa Ebi ta karye a hannu. Da tawagar ta dawo Abuja da kofi, sai 'yan wasan suka ƙi barin otal, suka ce sai an biya su alawus da ladan wasannin da suke bi. Kusan mako biyu suna zaune. Ranar 14 ga wata, ranar da Shugaba Muhammadu Buhari ya kai kasafin kuɗin 2017 gaban Majalisar Tarayya, suka ɗauki kwalaye suka nufi ƙofar majalisar. Bayan haka ne gwamnati ta saki kuɗi. An sake irin wannan zaman dirshan a Faransa a 2019, an kuma ƙaurace wa atisaye a Maroko a 2022. Na sha jin masu cewa wannan rashin kishin ƙasa ne. Ban yarda ba. Wadda ta ba da ƙashin hannunta a Yawunde ba ta buƙatar a koya mata kishi, haƙƙinta take buƙata a kan lokaci.

Gasar Maroko ta 2022, wadda Ebi ta je a matsayin kyaftin, ta nuna abin da tsaron baya ke iya yi idan komai ya ƙwace. A wasan kusa da na ƙarshe a Rabat an kori Halimatu Ayinde, 'yar Kaduna, aka kori Rasheedat Ajibade. Mutum tara suka rage a gaban 'yan kallo fiye da dubu 45, suka riƙe wasa ɗaya da ɗaya har ƙarshen ƙarin lokaci. A bugun fenariti aka fitar da su.

Bayan wannan gasa ta koma Levante Las Planas a Sifaniya.     Tana da shekara talatin da tara a lokacin. Mai hankali zai ce ta rataye takalmi. Ita kuwa ta dawo gida ta sa hannu a Abia Angels don ta samu wasanni a ƙafa, koci Randy Waldrum ya sa ta a jerin masu tafiya gasar 2023.

A can benci ta fi zama, gaskiya ce. Ohale da Oluwatosin Demehin ne a tsakiya, Michelle Alozie da Ashleigh Plumptre a gefe, Chiamaka Nnadozie a raga. Amma a duba sakamakon: canjaras babu ci da Kanada, uku da biyu a kan Ostireliya, babu ci da Ireland, babu ci da Ingila har minti 120 kafin fenariti. Wasa huɗu, uku ba a taɓa ragarsu ba. Ƙungiyar da aka ɗura wa goma sha ɗaya a 2003 ke nan, kuma mutum ɗaya ce ta ga farkon ta ga ƙarshen tana sanye da riga. Daga baya ta zo nan Abuja ta buga wa Naija Ratels, sunan da ya dace da 'yar baya, don dage ake nufi, dabbar da ba ta san ja da baya ba. A Yulin 2025, watan da Falcons suka farke biyu suka doke Maroko uku da biyu a Rabat suka ɗauki kofi na goma ƙarƙashin Justine Madugu, ta sanar da yin ritaya tana da shekara 42.

Mu a Arewa wannan zance yana zuwa da wata tambaya da iyaye ke yi, tambayar sutura, kuma ba tambayar raini ba ce. Abin da ya canza shi ne tun 2014 dokar wasa ta halatta rufe kai. Kwana uku bayan wasan da na kalla a Gudu, Nouhaila Benzina ta Maroko ta fito da hijabi da dogon wando a karawarsu da Koriya ta Kudu, ta farko da ta yi haka a babbar gasar duniya. Ita ma 'yar tsakiyar baya ce, kuma ba a ci su ba ranar. Saudiyya ta buɗe gasar mata, Plumptre ta koma Al-Ittihad ta Jidda a 2023. A gida akwai Nasarawa Amazons a Lafiya da Adamawa Queens. Kowane gida da hukuncinsa, ni dai na fi son a yanke shi da sanin yadda abin yake yanzu.

A kasuwar Gudu ranar, Ostireliya ta rage ɗaya a minti na goma na ƙarin lokaci, zoben ya yi tsit, janareta kaɗai ake ji. Kowace ƙwallo aka cillo sama, sai kan wata mai koriyar riga ya mayar da ita. Da alƙaliya ta busa tashi, yaran suka watse suna kiran sunan Oshoala. Dattijon ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗauke talabijin ɗin daga kan tayoyin, ya juyo gare ni.

"To Malam, lamba nawa ka ce motar taka take sha?"