Ko ka sani? Na'urar da ke sauraron ƙwaƙwalwar bakwaini

Ko ka san ƙwaƙwalwar bakwaini takan yi tsit, wani lokaci har rabin minti, kuma lafiyarta ƙalau? Da a kan babban mutum aka ga haka, da hankalin likita ya tashi. Amma ga jaririn da ya zo duniya a mako na 27 na ciki, abin da ake sa ran gani ke nan: aiki ya ɓarke na 'yan daƙiƙu, ya ɗauke, ya sake ɓarkewa.

Na'urar da ke nuna wannan ita ce EEG. Wani likitan Jamus, Hans Berger, shi ya fara gwada ta a kan ɗan Adam a garin Jena cikin 1924. Ana manna ƙananan faifai a fatar kan jariri, ko a sa masa hula mai wayoyi. Iyaye mata kan tsorata da ganin wayoyin nan, amma ba a tura wa yaro wuta ko kaɗan. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne da kansu ke fitar da 'yar wutar lantarki idan suna aika wa juna saƙo, na'urar kuwa ɗauka kawai take yi, ta zana a allon kwamfuta.

Tun shekarun 1950, Colette Dreyfus-Brisac da Nicole Monod suka duƙufa kan zanen bakwaini a birnin Paris, suka gano cewa yana sauyawa bisa tsari. Kowane mako shirun sai ƙara gajarta yake yi. Akwai kuma wata igiya mai tashi a hankali, da ƙananan tsini a kanta kamar haƙoran mataji, wadda ta fi yawa wajen mako na 32 zuwa 35, sannan ta ɓace idan lokacin haihuwa na ainihi ya yi. Da waɗannan alamu ƙwararre kan ƙiyasta girman da ƙwaƙwalwa ta kai, bai fi ya kuskure da mako biyu ba. In zanen jaririn da ya kai mako 36 ya yi kama da na mako 32, an san girman ya ja baya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake gane ko sassan ƙwaƙwalwa sun fara jin juna. Wajen mako na 31, wani lokaci ɓangaren dama kan ɓarke da aiki na hagu yana kwance. Idan jijiyoyin da ke haɗa su suka ƙara ƙwari, sai su riƙa tashi tare. Masu bincike irin su Sampsa Vanhatalo a Helsinki yanzu kwamfuta suke ba wannan lissafi, ta duba wane sashe ke amsa wa wane.

A ɗakin jarirai kuwa, babban amfanin na'urar EEG shi ne kama jijjiga. Sau da yawa jariri na yin ta ba tare da ya motsa ko yatsa ba, sai zanen ya tona.