Gini Mai Sanyaya Kansa: Darasi Daga Kasuwar Katako

A ƙasashen sanyi irin su Jamus, ana tsara gida ne domin ya tara zafin rana ya ɗumama mazauna ba tare da na'ura ba. A Yamai kuwa, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, buƙata ta juya: kare gida daga rana ake nema. Saboda haka duk mai fassara sunan wannan fanni kalma da kalma zai ɓatar da ɗalibi. Kiransa “gini mai sanyaya kansa” ya fi dacewa.

Ka'idojinsa ba su da yawa. Bangon gabas da na yamma su ne suka fi shan rana, don haka ake taƙaita tagoginsu, a fuskantar da tsawon gida kudu da arewa. Bangon laka mai kauri yakan shanye zafi da rana, ya sake shi da dare. Taga ta sama kuma tana fitar da iska mai zafi.

Waɗannan ka'idoji sun fi zama a ƙwaƙwalwa idan hannu ya taɓa. Kasuwar Katako, wadda sunanta ma kalmar Hausa ce, cike take da katako, kwano da tsofaffin ƙarafa. Da kayanta ɗalibai za su iya haɗa ƙananan ɗakuna biyu, ɗaya da rufin kwano, ɗaya na tubali da rufin laka, su riƙa auna zafinsu tun hantsi har almuru. Ma'aunin zafi ne zai yanke hukunci.

Yamai ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Jami'arta tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni Dioffo, masanin makamashin rana da ya rasu a 1991. Gidajen Niamey 2000, waɗanda Mariam Kamara da abokan aikinta suka tsara, aka kammala a 2016, an gina su da bulon ƙasa matsattse.

Ga ɗalibin harshe akwai aiki a nan. Kalmomi irin su azara, soro, makuba, indararo da ɗaurin guga, kowace tana ɗauke da dabarar da magina suka gada. Siminti da kwano suna ture su daga bakin matasa. Idan ba a tattara su daga bakin magina tun suna raye ba, injiniyan gobe zai koyi fasahar kakanninsa da Faransanci.