Green Tea: Turaren Bazara Mai Sanyin Ƙamshi da Sauƙin Kuɗi

Uwargida, kin san yadda humra da turaren wuta suke kama ɗaki da dare ko lokacin hunturu. Amma idan bazara ta kankama, rana ta take, gumi na tsiyaya, turare mai nauyi yakan hau kai, wani lokaci har ya jawo ciwon kai gare ki ko ga yaran da ke manne da ke. A irin wannan lokaci ne ake neman turare marar nauyi, mai ƙamshin ɗanyen ganye. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna a wannan fanni shi ne Green Tea na kamfanin Elizabeth Arden na Amurka.

Turaren ya fito a shekarar 1999, kuma Francis Kurkdjian, haifaffen birnin Paris, shi ya haɗa shi. Shi ne kuma daga baya ya haɗa Baccarat Rouge 540, wanda ke cikin turaruka masu tsada da ake kwaikwayo a kasuwanni. Ke nan gwani ɗaya ne ya yi su biyun, sai dai farashin Green Tea bai kama ƙafar na ɗan'uwansa ba.

Da kin fesa, abin da zai fara dukan hancinki shi ne lemun tsami da ɓawon lemu da na'a-na'a, tare da bagamot, wani irin lemu da ake nomawa a kudancin Italiya. Bayan 'yan mintoci sai kaifin lemun ya lafa, ƙamshin koren shayi da ɗan furen yasmin su bayyana. A ƙarshe abin da ke saura a fata miski ne mai laushi. Duk wadda ta taɓa zama kusa da mai dafa koren shayi da na'a-na'a za ta gane inda aka dosa. Ba shi da zaƙi irin na alewa, ba ya kuma cika ɗaki. Sai wanda ya matso kusa da ke zai ji shi, kamar kin fito daga wanka yanzu. Shi ya sa ya dace da zuwa aiki, kai yara makaranta, ko dubiya a asibiti.

Sai dai yana da rauni guda da ya kamata ki sani kafin ki fitar da kuɗinki: ba ya daɗewa. Man lemu da na ganye suna saurin tashi daga fata, zafi kuma yana ƙara musu sauri, don haka cikin 'yan sa'o'i ƙamshin yakan dusashe. Wannan halinsa ne, ba alamar jabu ba ce. Idan kina son ya ɗan jima, ki fara shafa mai marar ƙamshi, kamar basilin, a wuyan hannu da bayan kunne sannan ki fesa. Kina iya fesa kaɗan a mayafi, domin yadi ya fi fata riƙe ƙamshi, amma ki gwada a gefen da ba a gani tukuna saboda tabo. Kwalbar kuwa a ajiye ta cikin durowa, nesa da taga da zafin kicin.

Mai shayarwa ta guji fesawa a ƙirji, domin jariri yana gane mahaifiyarsa ta ƙamshin jikinta, fatarsa kuma ba ta da ƙwari. Kada a fesa a kayan jinjiri ko kusa da yaro mai asma.

Wajen saye, ki duba lambar da ke ƙasan kwalba ta yi daidai da ta kwali, rubutun kuma ya fito tsaf. In da hali ki fesa a hannu, ki zaga kasuwa na rabin sa'a, sannan ki yanke shawara, domin turare yana sauyawa daga fata zuwa fata.

Humrarki tana nan don dare da ranar biki. Ke fa, wane turare kike sawa idan zafi ya tsananta?